Sola, lantarki ko iska: wanne ya dace da rijiyar ƙauye?

Duk wanda zai kashe kuɗin jama'a wajen sa wa rijiyar burtsatse famfo a karkara, kamata ya yi ya fara da tambaya guda: a watan Afrilu, lokacin da zafi ya kai maƙura, tafkuna suka ƙafe, garken shanu suka yi layi a bakin kwami, wannan famfo zai ba da ruwa? Idan aka auna da wannan ma'auni, ni dai ina ganin sola ce ke kan gaba.

Famfon lantarki ya fi sauƙin saye, kuma yana da ƙarfi. Amma ƙarfinsa na aro ne. Ƙauyuka da dama ko turken wuta bai isa gare su ba, inda ya isa kuwa, kowa ya ga abin da ya faru a watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, jihohin Arewa suka kwashe kwanaki cikin duhu. Sai a ce a koma janareta, alhali tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mai ya fi ƙarfin karo-karon unguwa.

Famfon iska kuwa yana da magoya baya, kuma ba su rasa hujja ba: ba ruwansa da mai ko waya, yana juyawa dare da rana, ɓarawo ba ya ɗauke shi a ka. Matsalar ita ce iska ba ta da alƙawari. Takan yi ƙarfi a hunturu, ta kwanta kwana da kwanaki, ga shi farfela da sandunan jan ruwa suna son man shafawa da makaniken da zai hau hasumiya, irin wanda samunsa yau sai an sha wuya.

Sola ta dace da buƙata ne saboda ranar da ke jawo ƙishirwa ita ce ke tuƙa injin. Ba a ma buƙatar batir: a cika babban tanki da rana, a sha da dare. Farashin faifan sola ya faɗi ƙwarai cikin shekaru goma sha biyar da suka wuce. Masu suka za su ce ai ana sace faifan, ƙurar hunturu tana rage musu ƙarfi, kuma ga tankunan sola nan birjik a ƙauyuka sun zama kufai. Gaskiya ne. Sai dai ƙura ruwa da tsumma ke maganinta, sata kuma shinge da maigadi. Abin da ya fi kashe waɗannan rijiyoyi shi ne ɗan akwatin da ke sarrafa wutar ya ƙone, a rasa wanda zai biya, domin ɗan siyasa ya yanke ƙyalle ya tafi. Don haka kada hukumomin ruwa na jihohi su miƙa rijiya sai an kafa kwamitin da zai riƙa karɓar wani abu a kan kowace jarka, an kuma koya wa matashi ɗaya na garin gyaran.