Majami'ar Wusasa Amana Ce a Wuyan Mutanen Zazzau

Duk wanda ya fita birnin Zariya ya nufi yamma wajen duwatsun Kufena, in ya isa Wusasa, zai tarar da wata majami'a ta ƙasa mai suna St. Bartholomew, wadda in ba don alamar gicciye ba, sai ya ɗauka soron wani basarake ne na zamanin da, domin da tubali da azara aka tayar da ita a 1929, bisa tsarin ginin Hausa. Ra'ayina shi ne kiyaye wannan gini wajibi ne a kan ma'abotansa Kirista, kuma haƙƙi ne a kan maƙwabtansu Musulmi.

Asalin jama'ar wannan majami'a yana komawa ga Likita Mila, ɗan mishan na ƙungiyar CMS daga Ingila, wanda ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, yana magani, yana koyar da yara, yana kuma fassara Linjila da Hausa, aikin da ya kai ga fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932. Amma abin da ya fi jan hankalin mai nazari shi ne labarin Isawa, almajiran Malam Ibrahim, malamin da aka kashe a Kano cikin ƙarni na 19 saboda matsayin da ya ba Annabi Isa, alaihis salamu, a cikin wa'azinsa. Zuriyarsu ne, bayan sun daɗe a warwatse wajen Ningi da ƙauyukan Zazzau, suka zo wurin Mila a 1913, aka kafa musu ƙauye a Gimi, har ciwon barci ya faɗa musu ya hallaka da yawa, sauran suka komo Zariya. Da aka ga zaman mishan cikin ganuwa bai dace da maslahar sarauta ba, sai aka mayar da shi Wusasa, aka kafa makaranta da asibitin St. Luke tare da majami'ar.

Alal haƙiƙa, ƙaramar alƙarya ce, amma abin da ta fitar ya wuce girmanta. Daga cikin wannan jama'a Dokta R. A. B. Dikko ya fito, likitan farko na Arewa, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Haka Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A nan Janar Yakubu Gowon ya tashi, mahaifinsa yana aikin bishara. Kuma duk wanda ya karanta Jiki Magayi ya san sunan John Tafida, wanda shi ma ɗan wannan jama'a ne. Yau wurin ya zama mazaunin bishop, masu ibada sun ninka na da.

To, a nan tsorona yake. Al'adarmu ce, da zarar jama'a ta yawaita kuma hannu ya yi nauyi, sai a raina ginin ƙasa, a ce alamar talauci ne, a rufe shi da siminti da kwano, alhali kuwa siminti yana tsare danshi a cikin bango har ya cinye shi ta ciki, kuma hikimar da magina suka gada tun zamanin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, tana tafiya kabari tare da tsofaffin da suka riƙe ta. Ginin ƙasa ba ya neman komai sai yaɓe kafin damina, da gyaran indararo, da duba azara saboda gara.

Saboda haka ina kira ga shugabannin majami'ar da su ci gaba da yin kowane sabon gini a gefe, su bar tsohon a kan siffarsa. Ina kuma roƙon Masarautar Zazzau da hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa su ware kuɗin yaɓe kowace shekara, su sa Sarkin Magina ya ɗauki samari, Musulmi da Kirista, ya koya musu aikin a jikin wannan bango tun masu sani suna raye.