TAKARDA A YAMAI, SHINGE A JIBIYA

'Yan'uwa na Tasawa da Mayahi, a karanta wannan a taron reshe, a bayyana wa wanda bai yi boko ba.

Ran 7 ga Yuli 2019 shugabannin Afirka suka hallara a Yamai, suka ƙaddamar da yarjejeniyar kasuwa ɗaya ta Afirka duka, wai kaya su riƙa ƙetare iyaka ba kuɗin duwan. Aka yi kiɗa, aka yi tafi. Ba a cika wata biyu ba sai Nijeriya ta garƙame iyakokinta. Ƙofar Jibiya, wadda wakenmu da shanunmu ke bi zuwa Katsina da Dawanau ta Kano, ba a buɗe ta ba sai Afrilu 2022. Wa ya ji a jika? Manomin da ƙwari suka cinye masa wake a rumbu, da makiyayin da ya komo da ragonsa gida don an yi masa tayin wulaƙanci.

Ba mu ce yarjejeniya banza ce ba. Tun 1979 ƙungiyar Sedeyawo ta yafe wa amfanin gona da dabbobi kuɗin duwan, fatakenmu kuwa sun ci moriyar abin. Ko da Nijar ta fita cikinta a Janairu 2025, ƙungiyar ta ce a bar mana rangwamen tukuna.

Amma fa, jama'a, me muke fitarwa ta ƙofar? Wake, riɗi, aya, da sa a tsaye bisa ƙafarsa. Me ke shigowa? Sabulu, taliya, siminti, takalmin roba. Fatar jar akuyar Maraɗi, wadda duniya ta san darajarta, ɗanya take tafiya majemar Kano, ladan jima da na ɗinki duk can suke tsayawa. Haka Nasara ya yi mana da gyaɗa: mu sha rana mu noma, Marsai ta Faransa ta matse mai. In an cire duwan, mai masana'anta ya sami kasuwarmu a ɓagas, baitulmalinmu ya rasa kuɗi, giɓin kuwa kan talaka za a nemo shi.

Saboda haka kowane reshe ya rubuta kuɗin tiyar wake ran kasuwarsa, da yawan shingayen da direba ke biya daga Tasawa zuwa Ɗan Isa, ya aiko kafin taron wata mai zuwa. Da takardun nan za mu tunkari mahukunta, mu nemi majema da injin matsar mai a ƙasarmu.