Daga Zariya Zuwa Toronto: Darasi Ga Ƙasar Kazaure

An haifi Masai Ujiri a Ingila cikin 1970, amma a Zariya ya tashi. A nan ya fara ƙwallon kwando yana ɗan shekara 13, ya samu horo a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken nan mai horad da 'yan wasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Bayan karatu a Amurka, ya yi shekara shida yana wasan kuɗi a ƙasashen Turai, ciki har da Ingila da Beljiyam, ba tare da ya yi wani suna ba.

To, amma yawon nan ya koya masa gane yaro mai baiwa. Cikin 2002 ya fara zaƙulo wa ƙungiyar Orlando Magic 'yan wasa, ba ko albashi. Cikin 2013 ya karɓi ragamar Toronto Raptors ta Kanada, wadda ta ci kofin NBA a 2019. Ya bar ta a 2025.

Abin lura shi ne, tushen wannan ɗaukaka fili ne guda da malami guda. Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa ba su rasa dogayen samari masu kuzari ba. Kamata ya yi Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura su tanadi fili don 'yan makarantun sakandare, ƙananan hukumomin huɗu kuma su ɗauki nauyin masu horarwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.