Zuwa Ga Masu Gyaran Inji Na Fagge Da Sabon Gari: A Rage Hannu Wajen Giris

 

Maganar boris na kawo, na injin niƙa da famfon ruwa da motar lantarki, musamman mai dogayen 'ya'ya da ake kira rola. A shaguna da yawa yaro zai dumbuzo giris da yatsu, ya danna har ya ɓullo ta ɗaya gefen, ya cika murfin ma taf, maigida na kallo yana jin an yi aiki. To, a ƙafar baro ko amalanke wannan ba laifi. Amma motar lantarki mai saurin gudu tana juyi kusan 2,900 a minti guda a wutarmu. A wannan gudun 'ya'yan boris sai su yi ta tuƙa giris kamar tuwo, zafi ya tashi, man da ke cikinsa ya tsiyaye, a bar busasshen daskararren giris. Sai mai inji ya dawo yana cewa boris ɗin da aka sayo a Kasuwar Sabon Gari jabu ne. Wani lokaci jabun ne, ban musa ba. Sau da yawa kuwa hannunmu ne.

Kashi ɗaya cikin uku na sararin gidan boris ya isa. Kamfanin SKF ya yi lissafin cewa da zarar zafi ya haura digiri 70, duk ƙarin digiri 15 yana raba kwanan giris biyu, ga shi a watan Afrilu inuwa ma a Kano takan wuce 40. Rola kuma ya fi mai ƙwallaye saurin neman sabon giris, don haka kaɗan-kaɗan akai-akai ya fi lafta masa sau ɗaya.

Baƙin giris na shaf ɗin mota ku bar wa mota. Kada ku haɗa iri biyu, don wasu in sun gauraya sai su tsinke. Gwangwanin da ke buɗe kan benci cikin hunturu yana shan ƙura, ita kuma ke cin ƙarfe. Boris mai rufin roba, irin 6205-2RS, da girisinsa yake zuwa. Kada a ɓalle rufin da sukuduraba.

Bayan an ɗaura, a bar injin ya yi gudu ba kaya. Zafi zai ɗan hau, sannan ya sauka. In bai sauka ba, a kashe, a buɗe, a kwashe rarar giris.