An rusa jam'iyyu, wa ya yi kuka a Gure?

Ran 26 ga Maris 2025 aka rusa dukkan jam'iyyun siyasar Nijar. A fadarmu ta nan Gure ko kofin shayi ba wanda ya aje. Shirun nan ne ke damuna har yau.

Ku tuna zagaye na biyu, 21 ga Fabrairu 2021. Ga Bazoum Mohamed da Tesker ta sha turawa majalisa, ga Mahamane Ousmane ɗan Damagaram. Duk jiharmu ce ta fitar da su. Amma abokai suka daina gaisawa, ni kaina wata biyu ban taka gidan kawuna ba. A kan mi? Da an tsare mu an ce mu faɗi bambancin tsarin PNDS-Tarayya da na RDR-Canji kan ruwan sha, ko kan rairayin da ke binne kwarurukanmu na dabino da kanwa, wallahi sai susar ƙeya. Har ni mai digirin.

Mutum muke bi, jam'iyya riga ce kawai. Ousmane ya ci zaɓen 1993 da CDS-Rahama, 2016 ya fito a MNRD-Hankuri, 2020 a RDR-Canji, jama'arsa na biye. Hama Amadou ya kama wa Issoufou a 2011, a 2013 suka ɓata. MNSD-Nasara da ta kara da Tarayya a 2011, ita ce ta mara wa Bazoum baya a 2021. Manya su shirya a Yamai, mu a bar mu da gaba da tsohuwar riga mai hoto.

Kar dai ku ce murna nake. Lokacin zaɓe ne kaɗai babban mutum ke saukowa daga mota ya zauna tabarmarmu. Yanzu wa'adin mulkin shekara biyar ne, kuma ana iya ƙarawa. Kansilolin da muka zaɓa ma tun Afrilun 2024 aka sallame su. In famfo ya ƙafe, wa za mu tsare da tambaya?

Ko ba jima ko ba daɗe akwati zai dawo, masu rabon riguna ma za su dawo da sabbin sunaye. Kafin nan, kowace fada ta rubuta buƙatu uku na unguwarta, waɗanda duk mai neman ƙuri'a sai ya amsa su a bainar jama'a. Mu da ruwa muka fara. Ku fa?