Gado ne ko haya?

Tun tsakiyar shekarun 2000 manyan kamfanonin wasannin bidiyo suka shiga wata sana'a da suke yi wa laƙabi da raya tarihi. Wasannin da a da ake bugawa a tsaye gaban dogayen akwatuna masu cin kwabo, a ɗakunan wasa na Japan da Amurka, su ne aka kwaso ana sayarwa ta intanet ga masu sababbin na'urori. Pac-Man na kamfanin Namco, wanda ya fito a 1980, ya sake bayyana a kasuwar Xbox Live Arcade ta Microsoft a 2006 kan dala 5. Nintendo ma ya buɗe Virtual Console a na'urar Wii a wannan shekara, ya ƙara masa sashen wasannin akwati a 2009.

Kiran wannan ciniki adana gado rainin hankali ne. Gado shi ne abin da uba zai bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika. Wanda ya sauke wasa kuwa izinin bugawa kawai ya saya: ba ya iya sayar da shi, ba ya iya ba da aronsa, balle ya miƙa shi ga ɗakin karatu. Wasan The Simpsons na Konami, na 1991, ya dawo a 2012, aka janye shi kafin ya cika shekara biyu. Daga baya kasuwannin kansu suka bi sahu: ta Wii ta rufe a Janairun 2019, ta Wii U da 3DS a Maris na 2023, ta Xbox 360 a Yulin 2024. Wanda ya riga ya biya yana riƙe da nasa. Yaron da aka haifa bayan rufewar ya tarar da ƙofa a garƙame.

Ko lokacin da ƙofar take buɗe, rabin abin ake sayarwa. An tsara waɗannan wasanni ne domin su kashe mai bugawa cikin ƴan mintuna, ya sake jefa kwabo, jama'a na tsaye a bayansa suna jiran ya faɗi. Idan aka ba shi kwabo marar ƙarewa shi kaɗai a ɗaki, an cire wa miyar gishiri.

Masu kare kamfanonin za su nuna Hamster, wanda tun 2014 yake fitar da ɗaruruwan tsofaffin wasanni a jerin Arcade Archives, kuma aikinsa na da tsabta. Sai dai ɗan kasuwa abin da zai sayu yake zaɓa. Binciken da Video Game History Foundation ta wallafa a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba sa kasuwa. Masu aikin sa kai ne suka ɗauki wahalar, irin waɗanda suke gina manhajar MAME da Nicola Salmoria ya fara a 1997 domin kwamfuta ta kwaikwayi tsofaffin akwatunan. Su kuma ake yi wa kallon ɓarayi.

Duk malamin da ya taɓa neman littafin da mai ɗab'i ya daina bugawa ya san inda ake zuwa: ɗakin karatu. Ɗakunan karatu na Amurka sun nemi izinin bai wa masu bincike damar buga irin waɗannan wasanni daga nesa. Ƙungiyar kamfanonin ta yi adawa, ofishin haƙƙin mallaka na ƙasar kuma ya ƙi amincewa a Oktoban 2024.