Kare a ɗaure ba wa'adi: wa zai yi masa ƙorafi?

Kai da ke riƙe da waya yanzu, na san ƙorafinka na kullum: data ta ƙare tun sati bai zagayo ba, wuta ba ta zuwa sai an yi barci, kuɗin mashin daga Koguna zuwa Dambatta ya yi tashin gwauron zabi, taki ya gagari talaka. Duk gaskiya ne, ci gaba da faɗa. Amma yau ara mini minti uku, mu yi maganar wanda ba shi da Facebook balle ya yi ƙorafi, wato dabbar da aka ɗaure aka manta da ita.

A watan Mayun 2010, hukumar birnin Belfast da ke Ireland ta Arewa ta kama wani kare mai suna Lennox, saboda ya yi kama da nau'in pit bull da doka ta hana ajiyewa. Masu shi suka ce bai taɓa cizon kowa ba, hukuma ta ce yana da haɗari. Aka yi ta shari'a yana tsare fiye da shekara biyu, dubban mutane na roƙo a intanet, har aka kashe shi ranar 11 ga Yulin 2012. Za ka ce wannan ai rigimar Turawa ce. To, mu dawo gida.

A Makoda gona manne take da gona, gida ma a tsakiyar gona yake. Da shuka ta tsiro sai a yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa, wadda ta yi ɓarna kuma a kai ta wajen mai unguwa ko dagaci har mai ita ya biya. Tsari ne mai kyau, ya hana faɗa da yawa. Sai dai akuya kuɗi ce, ba ta kwana biyu mai ita bai zo biko ba. Kare fa? Ya kama kaza ko ya ciji yaro, a ɗaure shi a gindin bishiya, mai shi ya noƙe don gudun biyan diyya. Rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, yara na jifa, ba ranar saki.

Ban ce kada a ɗaure ba. Ciwon haukan kare ba wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma da alamunsa sun bayyana da wuya a tsira. Idan kare ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a garzaya asibiti a fara allura ba jira. Shi kuma karen, ƙa'idar likitocin dabbobi ita ce a killace shi kwana 10 ana lura da shi, da ci da sha. Idan ya wuce kwana 10 lafiya ƙalau, to ba ya yaɗa cutar lokacin da ya yi cizon. Ka ga ɗaurin yana da dalili, yana da wa'adi. Abin da ya wuce haka azabtarwa ce kawai.

Kada ka ce ai kare ne. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, kare mai rai ba najasa ba ne. Dokar Penal Code ta Arewa kuwa ta sa zaluntar dabba cikin laifuka.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗabi'ar kanta: kama, kulle, manta. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba. Wanda ya saba wuce kare a ɗaure wata uku bai tambaya ba, da wuya ya tambayi ɗan maƙwabcin da ke Kurmawa ko Goron Dutse shekara uku.

Don haka idan ka ga dabba a ɗaure a unguwarku, kafin ka ɗauki bidiyo don a yi dariya a TikTok, miƙa mata ruwa. Sannan ka je wajen mai unguwa cikin ladabi ka ce, "Ranka ya daɗe, wace rana za a raba wannan magana?" A sa rana, a kira mai shi, a biya ɓarna, a nemi malamin dabbobi ya yi masa rigakafi. Ƙorafin wuta da taki sai gwamnati ta ji. Wannan kuwa, kai da abokanka uku kun isa ku warware shi kafin magariba.